Kayan Ɗakin Amarya Aikin Hannu: Amsa Ga Hajiya Mai Shirin Aurar Da 'Ya

Wata Hajiya daga Kano ce ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Zan aurar da 'yata nan da wata biyar. Yarinyar ta ce ba ta son irin kayan Turkiyya da na Caina da ake jibga wa kowace amarya. Tana son gado da kujeru da teburi waɗanda kafinta zai yi mata da hannu a kan tsarin da ta zaɓa, sannan a ƙawata falon da kayan gargajiyarmu. Ni kuwa tsorona kafintoci ne, ga saɓa alkawari, ga kayan da ke tsagewa tun ba a rufa shekara ba. Abin zai yiwu kuwa? Ta ina zan fara?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Abin zai yiwu, kuma yarinyar ta yi tunani mai kyau. Na haura shekara ashirin ina aikin kafinta, a 'yan shekarun nan kuma ina haɗawa da tsara ɗakuna, saboda haka tsoron da kika ambata na san shi ciki da waje, kuma ba zan kare 'yan sana'ata a inda muke da laifi ba. Sai dai ina so ki riƙe abu ɗaya tun daga farko: kyan kayan katako da lalacewarsu duk ana gama yanke hukuncinsu ne kafin zarto ya taɓa katakon. Fenti da ƙyalli da kike gani a shago su ne na ƙarshe, su ne kuma mafi sauƙin yi.

Mu fara da hunturu, domin shi ne alƙalin duk wani kafinta a ƙasar Hausa.

Katako ko bayan an sare shi bai daina mu'amala da iska ba. Da damina yana shan danshi ya kumbura, da rani ya fitar ya tsuke. A Kano a watan Agusta iska cike take da laima, ƙofar katako har cijewa take yi, amma a Janairu da Fabrairu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, lokacin da leɓe da dunduniya ke tsagewa. Abin da ke samun dunduniyar shi ke samun teburi. Ga kuma inda gizo ke saƙar: yawancin katakon da ke shigowa kasuwanninmu, irin 'Yan Katako ta Na'ibawa ko Fanteka ta Kaduna, daga dazukan kudu yake fitowa, wajajen Edo da Ondo da Kuros Riba, wani kuma daga Taraba. An yanka shi ba da daɗewa ba, an loda a tirela, ya iso da ruwansa. Idan kafinta ya saya yau ya fara aiki gobe, katakon zai ƙarasa bushewarsa ne a ɗakin 'yarki. Katako ba ya raguwa a tsawonsa sai abin da ba a rasa ba, a faɗinsa yake tsukewa. Saman teburi mai faɗin mita ɗaya da aka yi da ɗanyen katako zai iya raguwa da santimita ɗaya zuwa biyu a hunturun farko. Idan an ɗaure shi tamau da ƙusa ta ko'ina, ba shi da wajen motsawa, sai ya tsage.

Ni kaina ta haka na koyi darasin. Ina sabon buɗe shago na yi wa wani bawan Allah teburin cin abinci na maɗaci, na saya a hannun wani dillali da ya rantse mini katakon ya bushe. Na kai aikin a watan Oktoba, yana sheƙi kamar madubi, mai gida har da yi mini kyauta. Ana tsakiyar sanyi ya aiko a kira ni. Na tarar da tsaga ta ratsa teburin daga wannan baki zuwa tsakiya, faɗinta ya isa a zura tsinken tsintsiya uku a haɗe. Matar gidan ta ce cikin dare suka ji ƙara kamar an karya rake. Na sake masa wani da kuɗina, kuma daga ranar ban ƙara yarda da rantsuwa a kan bushewar katako ba, sai awo.

Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake cakawa a jikin katako ta nuna yawan danshinsa. Ba ta da tsada, kuma kafintan da ya ɗauki sana'arsa da muhimmanci ya kamata ya mallake ta. Kayan da za su zauna cikin ɗaki a arewa, ana son danshin katakon ya kasance wajen kashi 8 zuwa 10. In ya haura 15, kada a fara aikin. Idan babu na'urar, ga dabarar da ba ta ƙarya: a yanko guntun katakon daga tsakiyar falle, a auna nauyinsa a sikelin masu sayar da kayan miya ko na kicin, a rubuta a jiki, a ajiye a ɗaki mako biyu, a sake aunawa. In ya rage nauyi sosai, ruwa ne ya fita, kuma sauran fallayen ma suna ɗauke da shi. Garin da zarto ke zubarwa ma yana magana. Na ɗanyen katako in kin dunƙula a hannu yana haɗewa, yana da sanyi, na busasshe kuwa watsewa yake yi.

Shi ya sa wata biyar ɗin nan da kike da su nake ganin arziki ne. Ki sa a sayi katakon tun yanzu, a jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama don kada ya lanƙwashe, a shafa fenti a bakunan don kada su tsattsage. Kada a shanya a rana. Rana na busar da waje ta bar ciki da ruwa, sai fuskar ta faffashe. Fallen da kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, in rani ne, wata biyu zuwa uku na yi masa tasiri sosai. Masu kauri na ƙafafun gado da teburi sun fi jinkiri, su gara a nemi wanda ya riga ya kwana biyu a ajiye ko da an ƙara kuɗi.

Wane katako? Maɗaci shi ne wanda muka fi sani, ja ne, yana karɓar guga da sheƙi, kuma ya dace da gado da teburi. Iroko, wanda tsofaffi ke kira loko, gara ba ta cika kusantarsa ba, yana fara rayuwa da launin rawaya-rawaya sannan ya rine zuwa ruwan ƙasa mai duhu, kuma a ganina shi ya fi dacewa da ƙofofi da duk abin da zai taɓa ƙasa. Tik na gandun shuka yana da maiƙo a jikinsa, ba ya yawan motsi, in an samu wanda ya tsufa a tsaye to an dace. Kawo na da nauyi da ƙarfi ainun. Malaina da sauran fararen katakai masu laushi suna da amfaninsu a wuraren da ba a gani kuma ba su ɗaukar nauyi, amma kada a yi ƙafar kujera da su. Madobiya kuwa, wadda 'yan katakon Taraba ke kira madirid, ita ce mafi kyan zane a cikinsu duka, kuma kyan ne ya jawo mata bala'i. An yi ta sare ta ana lodawa zuwa Caina har dazuka suka yi fayau, abin da ya sa a 2016 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2022 kuma maɗaci da kawo suka bi sahu. Ina faɗa miki wannan ne don ki san dalilin tsadar katako mai kyau, kuma don in wani ya yi miki tayin "madobiya zalla" da araha, ki san akwai lauje cikin naɗi.

Algus da aka fi yi shi ne a yi aiki da farin katako, a shafa masa launi ja, a fesa banish, a ce maɗaci ne. Da ido daga nesa ko ni sai na matsa. Maganinsa ɗaya ne: a ga kayan tsirara kafin a shafa musu komai. Ki sa wannan cikin sharaɗi. Ke ko wani ɗanki ya je shago ranar da aka gama haɗawa, a duba, sannan a ba da izinin fenti. A lura kuma da farin gefe da ke jikin fallen, wato ɓangaren da ke kusa da ɓawo. Ko a jikin iroko wannan ɓangaren abincin ƙwaro ne. Shi ne za ki ga bayan wata shida gari mai laushi kamar fulawa yana zubowa ƙarƙashin gado. Kafinta nagari yanke shi yake yi ya zubar, mai son riba kuwa ya rine shi ya ɓoye.

Bayan katako sai haɗi. Ƙusa da gam kaɗai ba sa riƙe kujera ta yi shekaru. Haɗin ƙwarai shi ne wanda ake huda rami a jikin ƙafar, a sassaƙe bakin ɗaya katakon ya zama harshe ya shige ramin daram, sannan a sa gam. Yana cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga kujerar ta ƙafa ɗaya, ko ki dafa teburin ki girgiza. In ya yi ƙara ko ya karkace tun yana sabo, to ba zai ga sunan ɗan fari ba. Ki leƙa ƙarƙashin teburin kuma. Mai ilimi yakan ɗaure saman ne ta hanyar da za ta bar shi ya ɗan motsa, ramukan sukurun masu ɗan tsawo, don ya kumbura da damina ya tsuke da rani ba tare da ya fashe ba. Haka ƙofar wadirob, fallen tsakiya a cikin kwarmi yake zama ba a manne shi da gam ba. In kika tambayi kafinta yadda zai ɗaure saman teburi ya yi miki wannan bayanin da kansa, kin sami mutum.

Ba kuma ina cewa komai sai da katako zalla ba. Allunan kamfani irin su MDF da HDF ba sa yawan motsi da canjin yanayi, fuskarsu a miƙe take, kuma a jikin wadirob ko kabad na kicin suna yin kyau. Rauninsu biyu ne. Ba sa shiri da ruwa ko kaɗan, kuma matanmu kullum cikin goge tayil suke, saboda haka in gindin ya taɓa ƙasa sai ya kumbura ya fara marmashewa. A sa masa ƙafafu ko dandamali na katako. Na biyu, in aka kwance sukuru aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku ramin ya sake kenan, amarya kuwa da wuya ta dawwama a gidan farko, galibi haya ce. Don haka gado da kujeru da teburi a yi su da katako, jikin wadirob a yi da allo mai kauri ko filawud, a faɗa miki gaskiyar wanne ne wanne, a kuma yi kuɗin kowanne daban.

Kujerun kushin su ne inda aka fi cutar mutane, don duk abin da ke ciki yadi ya rufe. Na sha farke kujerar da aka kawo gyara in tarar da ƙwarangwal ɗin guntayen katakon akwatin kaya ne, an cika ciki da kwali da tarkacen soso. A nan ma dokar ɗaya ce, a ga ƙwarangwal kafin a rufe. Soso kuma ki saya da kanki a wajen dila na kamfani, mai tambari a jiki, ki nemi mai nauyi wanda aka yi don zama. Nauyin soso shi ne ingancinsa, ba taurinsa ba, domin akwai mai tauri marar nauyi da ke lotsawa cikin 'yan watanni. Batun yadi, ki tuna da ƙurar hunturu. Karammiski yana da kyau a hoto, amma yana tara ƙura kamar me. A yi matasan zama da zif yadda za a cire rigar a wanke.

Yanzu awo, kuma a nan nake so ki ja hankalin amarya. Kafin a zaɓi tsari a je gidan da za ta zauna da tef. A auna falo da uwar ɗaka, a auna faɗin ƙofa da lungun shiga, in bene ne a auna kwanar matakala. A sayi katifa tukuna, ko a tabbatar da awonta, shida da shida ce ko shida da bakwai, da kaurinta, sannan a yi gadon a kanta. Tsayin wurin zaman kujera daga ƙasa kamar santimita 45 ne, teburin cin abinci kamar 75, amma tunda na mutum ɗaya ake yi, a duba tsayinta. Wannan ai shi ne amfanin aikin hannu.

Abin da hotunan waya ba sa nunawa shi ne yadda muke zama a ɗaki. Falon Bature an tsara shi ne don mutanen da ba sa sauka ƙasa. Mu kuwa a ƙasa muke shimfiɗa leda mu ci tuwo, a ƙasa ake shimfiɗa darduma a yi salla, kuma ranar da dangi suka zo ganin ɗaki mata goma sha ne za su baje a kan kafet da yaransu. Saitin kujeru mai zaman mutum bakwai da ƙaton teburin tsakiya a falo mai ƙafa goma sha biyu da goma sha biyu ya cinye ɗakin kenan, a riƙa raɓawa kamar a shagon sayar da kaya. Na san akwai maganar mutane, kada a ce an yi wa yarinya rowa. Amma doguwar kujera ɗaya mai kyau, da ƙanana biyu, da tumtum uku ko huɗu da za a iya jawowa a mayar, sun fi mata amfani nesa ba kusa ba. Ki ɗauki alli ki zana girman kowace kujera a ƙasan falon, ku tsaya ke da ita ku ga filin da ya rage. Sau da yawa wannan zanen kaɗai ke canja ra'ayin uwar amarya.

Sai maganar saɓa alkawari. Gaskiya ne muna yi, kuma ga yadda yake faruwa: kafinta ya karɓi kafin alƙalamin Hajiya ya ƙarasa aikin Alhaji da shi, yana jiran na wani ya fara na Hajiya. Ga rashin wuta, ga cunkoson bukukuwa gab da azumi da ƙarshen shekara. Su ma masu ba da aiki da nasu, a yi nisa da aiki sai a turo sabon hoto a ce a canja. Abin da ke kare kowa shi ne rubutu. A zana kowane abu da awonsa, a rubuta irin katakon da sunansa, da irin soso, da yadi, da launi, da ranar ɗauka, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Ranar da za ki ba shi ta riga ranar jere da wata guda cur. Kuɗi a raba shi kashi uku: na sayen katako, wanda ya fi kyau a je kasuwa tare, sai na biyu bayan an ga ƙwarangwal, na ƙarshe bayan an kai an ɗaura. Wajen zaɓen kafinta kuma kada hoton waya ya ruɗe ki, rabin hotunan ba aikinsa ba ne. Ki ce ya kai ki gidan da ya yi wa aiki shekara uku da suka wuce. Kayan da suka ga hunturu uku ba su buɗe baki ba, sun gama ba da shaida.

Na zo ɓangaren da ya fi faranta mini rai, wato adon.

Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin fatun da duniya ta san da su. Ƙarnuka da dama fatake na ƙetara Sahara da ita, ta bi ta Maroko ta shiga Turai, har can aka riƙa kiranta fatar Maroko ana yin bangon littattafai masu tsada da ita. Har yau majema na jeme ta da bagaruwa, dukawa na ɗinka tumtum da matasai, a Kano da Sakkwato da Zinder, a Naraguta kusa da Jos, sai kuma aikin Buzaye na Agadas mai kore da tuntaye. Idan za ki sayi tumtum, fara da hanci. Fatar da ba ta jemu ba tana da wari, kuma da damina warin ninkuwa yake yi, turaren wuta ba ya kashe shi. Ki murza ta a hannu, mai kyau tana da laushi ba ta karyewa. Ki duba ko zanen ɗinki ne da siraran fata ko kuwa fenti aka shafa, don na fenti yana ɓarewa. Kuma kina iya zuwa wajen baduku ki ba shi launi biyu kacal waɗanda suka dace da kujerun, maimakon ki ɗauki na kasuwa mai launi bakwai. Zai yi murna da aikin. Ciki a cusa audugar rimi ko tsummokara masu tsabta, a cika tam, domin yana lotsawa bayan an fara zama.

Rinin baba na Ƙofar Mata, wanda allon ƙofar wurin ke cewa tun 1498 ake yinsa, yana yin kyau ƙwarai a labule da rigar matashi da abin ratayawa a bango. Sai dai a san halinsa. Sabon rini yana zuba, musamman wanda 'yan bugu suka buga da shuni har ya yi ƙyalli, wannan ai jikin mutum ma rinawa yake yi. Kada a lulluɓe wurin zama da shi, baƙo ya tashi da farar shaddarsa ta koma shuɗiya. A wanke shi sau biyu ko uku da ruwan sanyi, a goga farin ƙyalle mai laima a gani. Saƙi da luru na masaƙa su ma haka, an saƙa su ne ƙwarya-ƙwarya sirara aka harhaɗa, ɗinkin ba ya jure a yi ta zama a kai, amma a shimfiɗa luru a ƙafar gado ko a miƙe shi a firam a bango, ba zanen kanti da zai kama ƙafarsa.

Farantan tagulla na Bidda, garin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin biranen sana'ar hannu a 2021, in aka sami babba aka sa kafinta ya yi masa ƙafafu masu naɗewa, ya zama teburin shayi. Na hannu ana ganin sawun guduma a bayansa, zanen kuma bai zama iri ɗaya sak ba. Tukwanen Gwari masu zane, irin waɗanda Ladi Kwali ta shahara da su har hotonta ya hau bayan takardar naira 20, guda ɗaya babba a kusurwa ta wadatar. Ga faifai, ga ƙwarya mai sassaƙa, ga tabarmar kaba. Duk ana samunsu a Kasuwar Kurmi, amma in da hali a je wajen mai yi, kuɗin ya shiga hannunsa kai tsaye. Ina roƙonki kuma a sassauta tayi. Matar da ta yi kwana huɗu tana saƙa faifai ɗaya, abin da take nema bai kai kuɗin kwalin lemo ba.

Zanen bango irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano da birnin Zinder, mai dagi da sarƙaƙƙun layuka, asalinsa da laka magina ke ɗaga shi, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa ko katsi na marina. Yanzu ana yi da siminti ko POP. Tunda gidan haya ne mai yiwuwa, kada a yi a jikin bango. A sa magini ko masassaƙi ya yi shi a kan allon filawud mai kauri, a rataya, ranar tashi a ɗauke. Allon zayyana irin na saukar Alƙur'ani shi ma ado ne mai daraja, sai dai a ba shi haƙƙinsa: a ɗaga shi sama, a nesanta shi da talabijin da hanyar banɗaki, kuma a ba alaramma ya duba rubutun kafin a rataya.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a tattaro duk waɗannan a zuba a falo ɗaya, ya koma kamar shagon tsaraba na otel. A zaɓi abu ɗaya babba ya zama shi ne idon ɗakin, ko lurun ko allon dagin, sauran su bi shi a launi. Ja na maɗaci da shuɗin baba da farin bango sun ishi ɗaki. Kuma Hajiya, in har kina da sauran tasoshi ko kwallaye na jerenki, ko na mahaifiyarki, ki fito da uku ko huɗu a goge su, kafinta ya yi musu ɗan kanta a bango. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin jera kaya don ido, kuma babu abin da zan sassaƙa da zai kai waɗannan daraja a wurin yarinyar.

Ranar jere ki sa kafintan ya zo da kansa, kada ya turo yaro. Gadon ya zama mai ɗaurin noti, wanda ake kwancewa a mayar, a ba amarya sifanar ta ajiye. Kada a jingina wadirob da bangon da ke tsatsafo da laima, a bar tazarar yatsu huɗu. Teburin katako kada ya zauna daidai inda AC ke hurawa ko inda rana ke faɗowa ta taga. A goge shi da ƙyalle mai ɗan laima a bi da busasshe, ban da omo da ruwa. Ki kuma yi sharaɗi da shi tun yanzu cewa bayan hunturun farko, wajen watan Maris, zai dawo ya ƙara ɗaure notuna, ya gyara duk ƙofar da ta saki, ba tare da ƙarin kuɗi ba.